Babi na Bakwai: Ranar da Kwamfuta Ta Ƙi Tashi

Ranar Talata 13 ga Agusta 2024 kamfanin Microsoft ya saki sabuntawar tsaro, kamar yadda ya saba a kowace Talata ta biyu ga wata. Ba a yi mako guda ba sai ga koke-koke daga masu kwamfutocin da ke ɗauke da Windows da Linux a tare. Mutum ya kashe na'urarsa lafiya lau, ya dawo ya kunna, sai baƙin allo da 'yan layukan Turanci masu cewa binciken SBAT ya gaza, an keta dokar tsaro, wani abu ya lalace ƙwarai. Daga nan sai kwamfutar ta kashe kanta. Masu Ubuntu da Debian da Linux Mint da Zorin OS duk abin ya rutsa da su. Tun farko Microsoft ya ce sabuntawar ba za ta taɓa na'urar da ke da babbar manhaja biyu ba, amma dabarar da ya yi ta gane irin waɗannan na'urori ta tsallake wasu. Cikakken gyara daga kamfanin bai iso ba sai a watan Mayu 2025.

Duk wannan tashin hankali bai taɓa fayil ko ɗaya ba. Hotuna, aikin makaranta, lissafin shago, komai na kwance inda aka bar shi a kan faifan ajiya. Abin da aka tare wata 'yar ƙaramar manhaja ce da yawancin masu kwamfuta ba su san da zamanta ba, wadda aikinta bai wuce daƙiƙu kaɗan ba a kowace kunnawa: ta nemo babbar manhaja, ta ɗora ta a ƙwaƙwalwa, ta miƙa mata ragama, ta ja gefe. Ita ce manhajar tayarwa. Idan ta samu matsala, tamkar gida ne da zaurensa ya rufta. Ɗakuna na nan, kaya na nan, mashiga ce kawai ta toshe. Asarar da ake tafkawa a irin wannan rana galibi daga gaggawa take zuwa, ko ta mai kwamfutar, ko ta mai gyaran da bai san wani magani ba sai formatin.

Bayit 512

Kwamfutar da aka danna wa maɓalli yanzu ba ta san Windows ba, ba ta san Linux ba, ba ta ma san mene ne fayil ba. Abin da ke farkawa da farko wata manhaja ce da masana'anta ta dasa a jikin bod, wadda aka daɗe ana kira BIOS, sunan da ya samo asali daga Gary Kildall da tsarinsa na CP/M a 1975. BIOS takan duba ƙwaƙwalwa da madannai, sannan ta je ga faifai ta karanto sakta ta farko mai girman bayit 512, ta leƙa ko bayit biyun ƙarshe su ne 55 da AA. In su ne, sai ta damƙa wa abin da ke ciki iko ba tare da wata tambaya ba.

Wannan sakta ita ce MBR. Ta zo ne tare da PC DOS 2.0 a 1983, shekarar da IBM ta fitar da kwamfutar XT mai faifan megabayit 10. An ware bayit 64 don teburin da ke nuna yadda aka yanka faifai, yankuna huɗu, kowanne da bayit 16. Biyu sun tafi ga waccan alama ta ƙarshe. Abin da ya rage wa umarnin tayarwa bayit 446 ne, wato bai kai yawan haruffan wannan sakin layi ba. A cikin wannan ɗan sarari ne masu kwamfuta suka shafe kusan shekara talatin suna rigima, domin faifai na iya ɗaukar babbar manhaja biyu ko uku, amma MBR ɗaya yake da ita, kuma wanda ya rubuta a ƙarshe shi ke da ita.

A nan halin ɓangarorin biyu ya sha bamban. Manhajar girka Linux takan duba faifai, in ta ga Windows sai ta sa sunanta a jerin zaɓi. Manhajar girka Windows kuwa takan rubuta nata umarnin a MBR ba tare da neman izini ba, kuma jerin zaɓinta bai san Linux ba. Daga nan tsohuwar ƙa'idar nan ta fito, cewa a fara sa Windows sannan Linux ta biyo baya. Ƙa'idar tana aiki har ranar da Windows ta kamu da cuta aka sake girka ta. A ranar sai kwamfuta ta zarce cikin Windows kai tsaye, mai ita ya ɗauka an share masa Linux, alhali bayit 446 kawai aka canja.

Manhajar tayarwa da ta fara yin suna a duniyar Linux ita ce LILO, wadda Werner Almesberger ya rubuta a 1992. Ba ta iya karanta fayiloli da sunayensu ba. Lambobin saktocin da zuciyar Linux ke kwance take haddacewa. Duk wanda ya sauya zuciyar ya manta bai sake sanar da LILO ba, ya shiga uku. Amma tana da wata hikima mai kyau: takan rubuta haruffan sunanta ɗaya bayan ɗaya a kan allo, kowane harafi na nuna matakin da ta kai. Tsofaffin hannu har yau suna tuna allon da ya tsaya a kan LI, alamar an ɗora mataki na biyu amma ya kasa gudana.

GRUB ce ta gaje ta. Erich Boleyn ya fara ta a 1995 don tayar da GNU Hurd, a 1999 Gordon Matzigkeit da Yoshinori Okuji suka mayar da ita cikin ayyukan GNU a hukumance, daga baya aka sake rubuta ta gaba ɗaya. Ubuntu ta koma sabuwar tun fitowar 9.10 a 2009, kafin ma a saki GRUB 2.00 a 2012. Fifikon GRUB shi ne tana karanta tsarin fayiloli, tana iya shiga folda ta nemo abin da take so da sunansa. Irin wannan basira ba ta shiga bayit 446, don haka aka raba ta uku. Ɗan guntu na farko yana cikin MBR, aikinsa kawai ya kira na biyu. Na biyun, core.img, yana ɓoye a filin da babu kowa tsakanin MBR da yanki na farko, fili mai sakta 62 a tsofaffin faifai, kusan megabayit ɗaya a sababbi. Na uku, wato jerin zaɓi da sauran kayan aiki, yana cikin foldar /boot/grub a yankin Linux.

Wancan fili da ake cewa babu kowa ma ba a bar shi ba. Wasu manhajojin Windows masu tsaron lasisi, irin su FlexNet, sun riƙa ɓoye bayanansu a sakta ta 32, daidai tsakiyar inda GRUB ke kwance. Mutum ya buɗe wata manhaja a Windows, washegari kwamfuta ta ƙi tashi, kuma babu yadda za a yi ya haɗa wannan da wancan. Colin Watson, ɗaya daga masu kula da GRUB, ya bayyana matsalar a 2010, kuma aka koya wa GRUB ta gane waɗannan baƙi ta kauce wa saktocinsu.

Idan allo ya ce grub rescue

Wanda ya fahimci wannan rabo uku ya fahimci saƙon da ya fi kowane tsorata mutane. Idan baƙin allo ya nuna grub rescue> da ƙorafin cewa babu yanki kaza ko ba a gane tsarin fayiloli ba, ma'anarsa kashi na farko da na biyu sun tashi lafiya, na uku ne ba a same shi inda aka bar shi ba. Wataƙila an ƙara yanki ko an rage, lambobi suka gusa. Wataƙila an share yankin Linux ɗin ne da gangan daga cikin Windows. In yankin yana nan, ana iya kama hannun GRUB a kai ta gida ba tare da filash ko faifan gyara ba.

Umarnin ls zai jero abin da take gani, kamar (hd0,msdos1) da (hd0,msdos5), ko (hd0,gpt2) a sabon tsari. GRUB 2 tana ƙirga faifai daga sifiri, yankuna kuma daga ɗaya, abin da ke rikita wanda ya saba da tsohuwar GRUB mai fara duka biyun daga sifiri. Sai a bi yankunan ɗaya bayan ɗaya da ls (hd0,msdos5)/ har a dace da wanda ya nuna boot da etc da home. Da an same shi, layi huɗu suka rage: set root=(hd0,msdos5), sannan set prefix=(hd0,msdos5)/boot/grub, sannan insmod normal, sannan normal. Jerin zaɓin da aka saba gani zai bayyana. Wannan gyara na tashi ɗaya ne, ba ya zama. Da an shiga Linux dole a buɗe tagar umarni a ba da sudo grub-install /dev/sda da sudo update-grub, in ba haka ba kunnawa ta gaba za a koma gidan jiya.

Sabon zamani, sabuwar rigima

MBR tana da iyaka. Ba ta ganin abin da ya haura kimanin terabayit 2 a faifai mai sakta ta bayit 512, kuma manyan yankunanta huɗu ne. Intel ta fara aikin maye gurbin BIOS a 1998 don na'urorinta na Itanium, a 2005 aikin ya koma hannun gamayyar kamfanoni da sunan UEFI. Amma sai da Windows 8 ta fito a Oktoba 2012 ne sabon tsarin ya mamaye kwamfutocin kasuwa, domin Microsoft ya shardanta shi ga duk masana'antar da ke son tambarinsa.

UEFI ta warware tsohuwar rigima ta hanya mai ma'ana. Maimakon sakta ɗaya, sai aka ware ƙaramin yanki mai tsarin FAT32, wanda Windows kan ba megabayit 100 ko fiye, kowace babbar manhaja ta buɗe foldarta a ciki. Windows na ajiye bootmgfw.efi a ƙarƙashin EFI\Microsoft\Boot, Ubuntu na ajiye shimx64.efi da grubx64.efi a ƙarƙashin EFI\ubuntu. Babu mai buƙatar taka wani. Abin da ya rage a yi takara a kansa shi ne jerin fifiko, wanda ke ajiye a ƙwaƙwalwar bod, mai cewa a fara gwada wane kafin wane. Sake girka Windows, ko babbar sabuntawa, ko sabunta manhajar bod, kowanne na iya tura Windows sama ko ya share sunan Linux daga jerin.

Saboda haka a kwamfutar zamani, abin da ake kira ɓacewar GRUB sau da yawa maɓalli ɗaya ke maganinsa. A HP ana danna F9 da zarar an kunna, a Dell da yawancin Lenovo F12, a kwamfutocin cinya na Asus kuma Esc. Jeri zai fito, in sunan ubuntu ko fedora na ciki, babu abin da ya lalace. Sai a zaɓe shi a shiga, a ba da efibootmgr don ganin lambobin, a sake jera su da efibootmgr -o, ko a gyara jerin daga shafin saitin bod. Wasu kwamfutocin Acer suna da nasu taurin kai: ba sa nuna Linux sai an kafa kalmar sirrin mai kula a saitin bod, sannan a nuna musu fayil ɗin shimx64.efi da hannu a ce an amince da shi.

Ƙwaƙwalwar bod wuri ne da ake taɓawa da ladabi. A farkon 2013 wasu kwamfutocin Samsung sun mutu murus bayan an tayar da Linux a kansu ta hanyar UEFI, kuma Matthew Garrett ya nuna cewa laifin na manhajar bod ɗin ne, wadda ke rikicewa idan wannan ƙwaƙwalwa ta cika, har ma ana iya jawo hakan daga cikin Windows. Mai gyara ya tsaya ga sake jeri da ƙara suna ɗaya. Share duk abin da bai gane ba ba aikinsa ba ne.

Tambayar farko da za a yi wa kowace kwamfuta mara lafiya ke nan: ta wace hanya take tashi, tsohuwa ko sabuwa? Tambayar tana da nauyi musamman ga na'urorin gwanjo da ake saukewa daga Turai da Amurka a kasuwanni irin su Computer Village ta Ikeja, ko Farm Centre da titin Beirut a Kano. Da yawansu an ƙera su ne a shekarun sauyi, suna iya tashi ta hanyoyin biyu. Tun da tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 na neman TPM 2.0 da injin da bai tsufa ba, mai irin wannan na'ura yana da dalilin sa Linux a gefe. Ba abin mamaki ba ne a tarar an sa Windows ta tsohuwar hanya, ɗalibi ya zo ya sa Ubuntu ko Kali ta sabuwa. GRUB da ta tashi ta UEFI ba ta iya tayar da Windows da aka girka ta BIOS, komai yawan umarnin da aka buga mata. Haka kuma ɗan batirin nan na CR2032 da ke kan bod, idan ya mutu a tsohuwar na'ura, saiti na iya komawa na masana'anta, hanyar tashi ta sauya ba wanda ya taɓa komai. Agogon da ke komawa wata tsohuwar shekara duk safiya shi ne ke tona asirinsa.

Gyara daga waje

Idan maɓalli bai yi ba, kuma grub rescue ma ba ta fito ba, sai a shigo daga waje da filash mai ɗauke da Linux da ke tashi ba tare da an girka ta ba. Kafin a taɓa komai akwai abu ɗaya da ba a sassauta masa. In faifan Windows na kulle da BitLocker, canja saitin Secure Boot, wanda bayaninsa ke tafe, ko hanyar tashi na iya sa ya nemi mabuɗin ceto mai lamba 48. Sababbin kwamfutoci da yawa suna zuwa da wannan kulle a kunne ba tare da mai su ya sani ba, mabuɗin kuma galibi yana cikin asusunsa na Microsoft. A nemo shi a rubuta a takarda tukuna. Wanda ya rasa wannan mabuɗi, babu gwanin da zai buɗe masa fayilolinsa.

Dole filash ɗin ya tashi ta hanyar da aka girka tsarin da ake son gyarawa. Shi ya sa jerin F12 kan nuna filash ɗaya sau biyu, ɗaya da UEFI a gaban sunansa, ɗaya babu. Bayan an shiga, in akwai foldar /sys/firmware/efi, ta sabuwar hanya aka tashi. In babu, ta tsohuwa ce. Umarnin lsblk -f zai nuna yankuna da tsarinsu: ntfs na Windows ne, ext4 ko btrfs na Linux, ƙaramin vfat kuma shi ne yankin EFI.

Dabarar da ake amfani da ita ta girmi Linux kanta. Sunanta chroot, ta shigo Unix a 1979, aikinta shi ne ta sa umarni ya ɗauki wata folda a matsayin tushen komai. Ana ɗaura yankin Linux a kan /mnt, a ɗaura yankin EFI a kan /mnt/boot/efi in na'urar ta UEFI ce, sannan a ara wa marar lafiyar /dev da /proc da /sys da /run na filash ta hanyar mount --rbind. Da an ba da chroot /mnt, mai gyara ya shiga cikin tsarin da ya ƙi tashi, yana aiki da kayansa kamar ya tashi. A tsohuwar hanya sai grub-install /dev/sda. A Ubuntu ko Debian ta UEFI, grub-install kaɗai ta isa. Daga nan update-grub ta sake rubuta jerin zaɓi. Fedora ta bi wata hanya dabam: a kan UEFI ba ta son a yi amfani da grub2-install, sai dai a sake girka ƙunshin shim da grub2-efi ta dnf, domin fayilolin da ke ɗauke da sa hannu su koma wurinsu yadda suke.

Harafi ɗaya a nan yana da tsada. /dev/sda faifai ne gaba ɗaya, /dev/sda1 yanki ne a cikinsa, kuma sau da yawa yankin Windows ne. Wanda ya tilasta wa GRUB shiga /dev/sda1 ya rubuta a kan saktar tayarwa ta Windows, ya mayar da matsala ɗaya biyu. A na'ura mai faifai biyu, ko idan filash ya karɓe sunan sda, abin da ake nema na iya zama sdb, a sababbin faifai kuma nvme0n1. Kuskuren sunan na'ura bai bar kowa ba. Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya ba da labarin yadda a farkon kwanakin Linux, lokacin kwamfutarsa na ɗauke da babbar manhajar Minix a gefe, ya umarci manhajar kiran waya ta kira faifansa a maimakon modem, ta rubuta a kan yankin Minix. Bai sake girka Minix ba, ya ci gaba da Linux kaɗai. Ba kowa ke fita daga irin wannan kuskure da riba ba.

Akwai manhajar Boot-Repair da ke yin duk wannan da danna maɓalli ɗaya, da kuma Super Grub2 Disk da ke nemo tsarin da ke kan faifai ya tayar da shi. Suna da amfani, musamman rahoton da Boot-Repair ke fitarwa kafin gyara, wanda ke zayyana abin da ke kowane yanki. Karanta rahoton ya fi danna maɓallin daraja, domin manhajar na iya yin zaɓin da bai dace da na'ura mai faifai biyu ba.

Wani lokaci gyara kan yi kyau, GRUB ta dawo, amma sai a nemi Windows a jeri a rasa. Tun fitowar GRUB 2.06 a 2021 aka kashe os-prober, mai laluben sauran tsare-tsare, saboda dalilan tsaro, sai wanda ya kunna da kansa. Layi ɗaya ne a fayil ɗin /etc/default/grub, wato GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false, sannan update-grub. Ya kamata kuma a kashe Fast Startup a Windows. Tun Windows 8, abin da ake kira kashewa rabin barci ne, yankin NTFS na zama a riƙe, Linux kuma takan ƙi yin rubutu a kansa don gudun ɓarna.

Sa hannun wa?

Saura rigimar da ta fi kowace zurfi. Secure Boot na hana bod tayar da duk manhajar da ba ta ɗauke da sa hannun da ya amince da shi, kuma mabuɗan da kusan kowace masana'anta ke dasawa na Microsoft ne. Manufar mai kyau ce, domin cutar da ta shiga kafin babbar manhaja ta tashi babu riga-kafin da ke ganin ta. Mafitar Linux ita ce shim, wata 'yar manhaja da Matthew Garrett ya rubuta a 2012. Microsoft na sa mata hannu, ita kuma ta tantance GRUB da mabuɗin Ubuntu ko Fedora ko Debian.

A Yuli 2020 kamfanin tsaro na Eclypsium ya bayyana wata kafa a GRUB da aka laƙaba wa BootHole. Toshe kafar a sabuwar GRUB bai isa ba, tunda ɓarawo na iya kawo tsohuwar mai sa hannu ya yi amfani da ita. Dole a soke tsofaffin, amma jerin sokewa yana zaune ne a ƙwaƙwalwar bod mai ƙaramin wuri, ba zai iya ci gaba da ɗaukar fayiloli ɗaya-ɗaya ba. Sai aka ƙirƙiro SBAT, inda kowace manhaja ke ɗauke da lambar zamaninta, a ce duk wadda ba ta kai lamba kaza ba kada ta tashi. Abin da Microsoft ya yi a 2024 shi ne ɗaga wannan lamba don toshe wata kafar GRUB da aka sani tun 2022, sai ya rutsa da mutanen da shim ɗinsu bai sabunta ba. Maganin da aka bi shi ne a kashe Secure Boot na ɗan lokaci, a shiga Linux, a ba da mokutil --set-sbat-policy delete, a sabunta shim, a sake kunnawa, sannan a mayar da Secure Boot. Matakin ƙarshen nan shi mutane suka fi tsallakewa, kuma bai kamata ba. Hujjar Microsoft ta tsaro gaskiya ce, amma kamfanin da ke riƙe da mabuɗin ƙofar kowa ya wajaba ya fi haka taka-tsantsan kafin ya sauya kwaɗo.

Akwai kuma mai tafiya ta ɗaya hanyar, wanda ya gaji da Linux ya share yankinta daga Disk Management. A tsohon tsari GRUB na nan a MBR tana neman foldar da ba ta nan, don haka Windows ma ba za ta tashi ba. Filash na girka Windows ke maganin wannan: a zaɓi gyara a maimakon girkawa, a buɗe tagar umarni, a ba da bootrec /fixmbr. A kan UEFI kuwa sau da yawa ɗaga Windows Boot Manager sama a jerin fifiko ya wadatar. In fayilolin tayarwar Windows ne suka lalace, sai a ba yankin EFI harafi ta diskpart, a ce S, sannan bcdboot C:\Windows /s S: /f UEFI. A lura cewa a cikin tagar gyara Windows ba lallai ta kasance a C ba. A duba da dir kafin a buga.

Yanayi ɗaya ne ya fita daga duk abin da aka faɗa, shi ne idan lsblk bai nuna yankin Linux ba sam, wurinsa ya zama fili marar yanki. Ko a nan yawanci layin yankin ne ya goge daga tebur, bayanan suna kwance a saktocinsu har sai an rubuta wani abu a kansu. Kada a ƙirƙiri sabon yanki a filin, kada a yi formatin, kada a girka komai. Manhajar TestDisk ta Christophe Grenier tana bin faifai sakta-sakta tana neman alamun farkon tsofaffin yankuna, kuma tana bari a leƙa fayilolin da ke ciki kafin a amince ta rubuta tebur. Idan sunayen foldoji sun fito daidai, a fara kwashe masu muhimmanci zuwa wani faifai dabam, sannan a ba ta izinin mayar da yankin, daga nan a koma ga chroot da grub-install.